Wasiƙar Kurakurai Talatin da Bakwai

Shekarun baya, bayan sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, lokacin da duk inda mutum ya waiwaya a Abuja sai ya ga sabon gini yana tashi, na je ta'aziyyar wani dattijo da ban taɓa gani da idona ba. Na tafi ne da laifina a cikin jaka, a rubuce, shafi huɗu. Jikata wadda ta buɗe mini wannan shafi na intanet ta gargaɗe ni cewa masu karatun yanzu ba su da haƙurin dogon bayani. Na saurare ta, na gode mata, amma labarin nan ba ya gajartuwa. Wanda ya gaji ya huta ya dawo.

Mahaifina akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, kuma shi kaɗai ne a danginmu ya yarda ya kai 'yarsa makarantar mishan ta kwana. A can aka raine ni a kan aƙida guda: kowane aiki yana da hanyar da ta dace, sauran hanyoyin kuwa lalaci ne. Ana ja layi da rula a ƙarƙashin kwanan wata. Shafin da tawada ta ɗiga a kansa ba a gogewa, yage shi ake yi a sake kwafewa daga farko. Shugabar makarantar, wata doguwar Baturiya mai ƙarancin murmushi, takan shafa yatsanta a bakin taga, ta ɗaga shi a gabanmu mu ga ƙurar. Wadda aka kama tana Hausa a aji, lauje ake ba ta ta je yankan ciyawa. Labaran aljanu da na al'ajabi kuwa, ko ambatonsu ba a yi.

Dattijon da na je ta'aziyyarsa marubuci ne, kuma a wannan wuri ne littafinsa na farko ya same ni. Wata ƙawata ce ta shigo da shi a ƙasan akwatinta. Muka yi masa bango da takardar buhun siminti, muka rubuta "Lissafi" a kai da manyan baƙaƙe. Ranar Asabar da rana, idan mun shanya kayanmu a bayan ɗakin wanki, sai mu raɓe a gindin katanga, ɗaya tana karantawa, ɗaya tana gadi.

Labarin 'yar wani marini ne, yarinyar da shuni ya rine wa hannuwa har gwiwa. Ta faɗa cikin wani tsohon ramin rini da aka daina amfani da shi, ta ɓulla a wata ƙasa dabam. A ƙasar nan, da rana ta take, inuwar kowa takan rabu da shi ta tafi kasuwa ta yi masa cefane, ta dawo da la'asar. Wanda ya yi ƙarya a wannan yini, inuwarsa ba ta dawowa. Akwai kuma kogin da yake juyawa ya koma baya duk rana ta bakwai, domin ya mayar da abin da ya ci. Yarinyar ta yi ƙarya guda tak don ta ceci wata tsohuwa mai daddawa, inuwarta ta ɓace, daga nan ta shiga nemanta ƙofa bayan ƙofa a wani birni mai ganuwa.

Ba zan iya kwatanta wa yaran yanzu abin da wannan littafi ya yi mini ba. Harshen da ake ba ni lauje saboda shi, harshen da aka nuna mana cewa iyakarsa madafa da kasuwa, sai ga shi ya gina ganuwa, ya juyar da kogi, ya ɗauki yarinya mai kama da ni ya kai ta inda ba ta nemi izinin kowa ba. Na bar makarantar da abubuwa biyu da ba sa jituwa sosai: tsananin ƙa'ida, da ƙaunar littattafan wannan bawan Allah.

Na koyi buga tafireta, na yi aiki a Kaduna, daga baya aka mayar da ni Ikko, na zama sakatariyar wani babban sakatare a ma'aikatar tarayya. Ba yabon kai ba ne, takarda ba ta fita daga teburina da aibi. Ƙananan ma'aikata sukan yi addu'a kafin su ƙwanƙwasa ƙofata, na sani, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan a matsayin lambar yabo. Duk tsawon shekarun nan marubucin yana fitar da littattafansa a hankali, wani lokaci sai an shekara bakwai kafin a ga sabo. Na biyar ya fito ina gab da barin Ikko. Ya ƙare 'yar marini, wadda yanzu furfura ta fara fito mata, tana tsaye a bakin ƙofa ta ƙarshe, inuwarta tana bayan ƙofar. A shafin ƙarshe ya yi alkawarin na shida.

Hutuna na shekara ya zo daidai lokacin. Maimakon in huta kamar mutane, sai na jera littattafan biyar a kan tebur, na ɗauko fensir da rula, na sake karanta su a jere. Abin da na gano ya tayar mini da hankali. A littafi na farko ƙofofin birnin bakwai ne, a na uku sun zama tara. Wani maharbi ya rasa hannun hagu a na biyu, a na huɗu hannun dama ne babu. Tafiyar da aka yi kwana arba'in ana yi, an dawo cikin kwana uku. Mafi muni, tsohuwar nan mai daddawa ta mutu a littafi na biyu, an yi mata sutura, mun yi kuka, amma ga ta a na huɗu a bakin kasuwa tana kasa daddawarta, ba wanda ya ce mata daga ina.

Na zauna na buga masa wasiƙa. Shafi huɗu, kuskure talatin da bakwai, kowanne da lambarsa da lambar shafin da yake. Na sa takardar kabon na ajiye kwafi, kamar yadda ake yi wa kowace takardar ofis. Na rufe da sakin layin da har yau na haddace shi: "Marubucin da ya kasa riƙe adadin ƙofofin birninsa, ya kamata ya dakata ya tambayi kansa ko ya cancanci buɗe ta ƙarshe." Na sa hannu irin na ma'aikatan gwamnati, harafin farko na sunana da sunan mahaifina, na ba da adireshin jakar wasiƙun ma'aikatarmu.

Maigidana, mutum mai sanyin hali wanda Allah ya jarrabe shi da ni, ya karanta kwafin a tsaye, ya cire tabarau.

"Malama, wannan wasiƙa ce ko takardar tuhuma?"

"Gyara ne. Taimakonsa nake yi."

"To, na ji. Ina wurin da kika gaya masa kina son littattafan?"

"Ai a bayyane yake. Wanda ba ya so ba zai karanta sau shida ba."

"A bayyane yake gare ki," in ji shi, ya mayar da tabaransa. "Shi kuwa bawan Allah, sai dai ya yi duba."

Na aika ta hannun kamfanin da ke buga masa littattafai. Amsa ba ta zo ba. Ba a jima ba aka kwashe mu da fayil-fayil ɗinmu a manyan motoci zuwa Abuja, aka ba mu gida a kwatas ɗin ma'aikata a Garki. Shekara ta wuce, biyu, biyar. Littafi na shida bai fito ba. Duk mai sayar da littattafan da na tambaya sai ya ce ai mutumin ya daina rubutu. Wata rana wani ya ƙara da cewa, "An ce wani abu ne ya karya masa gwiwa." Na dawo gida na ɗauko kwafina, na duba kwanan watan da ke kai, na lissafa. Ya yi daidai.

Daga ranar na yanke wa kaina hukunci. Ni ce na rufe bakin mutumin da ya buɗe mini nawa. Ba ni kaɗai na cuta ba, duk wanda yake jiran 'yar marini ta buɗe ƙofar nan, ni na hana shi. Na kasa sake buɗe littattafan. Kuna iya tambaya, me ya hana ni rubuta masa in ba shi haƙuri? Na rubuta, sau uku. Na farko ya yi tsawo, na biyu ya yi kama da kare kai, na uku kuma ban gamsu da sakin layi na tsakiya ba. Na ajiye su da niyyar gyarawa. Haka na shekara goma sha huɗu ina gyaran takardar ban haƙuri.

Bayan na yi ritaya nakan taka zuwa kasuwar Garki da hantsi in sayi jarida wajen wani Bakatsine mai rumfar littattafai, wanda ya san ciwona domin na dame shi da tambaya shekara da shekaru. Ran nan ina miƙa hannu sai ya riƙe jaridar.

"Hajiya, kin ko ji mutumen naki ya cika?"

"Wane mutum?"

"Mai littattafan inuwa. Shekaranjiya aka kai shi. Nan Karu, gidan ɗiyarshi. Ai ya fi shekara takwas shina nan, ni ma sai jiya na sani. Gobe sadakar uku."

Karu. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga ƙofar gidana. Na koma gida ban karɓi jaridar ba.

Maigidana ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Sai ki shirya, gobe mu je."

"Ban san kowa ba a gidan."

"Ta'aziyya ce, Malama, ba taron ma'aikata ba. Ba a duba sunan mutum a ƙofa."

Na ce masa mai haƙƙin ya riga ya tafi. Ya ce ai ya bar iyali, kuma abin da ya rage wa wanda ya makara shi ne ya yi wa mamaci addu'a, ya tsaya gaban magadansa ya faɗi abin da ya yi. Na san gaskiyarsa. Na ninke kwafin nan na sa a jaka.

Washegari muka kama hanya a tsohuwar motarsa, muna bin bayan tifofin yashi cikin cunkoso. Ko'ina gefen hanya an kafa harsashi, ko'ina bulo. Ni kuwa ina ta maimaita jawabina a zuci, ina cire kalma ina sa wata. Mun sami gidan cikin sauƙi saboda rumfar da aka kafa a ƙofa. Maigidana ya zauna cikin maza, ni na cire takalmi na shiga wajen mata.

Aka nuna mini babbar 'yarsa, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, ma'aikaciya a wata hukumar tarayya, idanunta sun kumbura. Na durƙusa gwargwadon yadda gwiwoyina suka yarda.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Mama."

"Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa can ta fi masa nan."

"Amin, amin. Mama, ki yi haƙuri ban gane ki ba. Daga ɓangaren Baba ne ko na Inna?"

"Ba ko ɗaya, 'yata. Mai karatu ce. Ina da magana da ke, idan za ki ba ni minti biyar a keɓe."

Ta dube ni da ɗan mamaki, ta tashi ta kai ni ɗakin da ya zauna. Gado ne ƙarami, da buzu, da rediyo, da sanda a jingine. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne babu littafi ko ɗaya a ɗakin. Zuciyata ta ce, kin gani, har kallonsu ma ya daina. Ta nuna mini kujera, na ƙi zama. Na tsaya hannuwana a baya, kamar yadda muke tsayawa a ofishin Baturiyar nan, na fara.

Na ce shekaru da suka wuce na rubuta wa mahaifinta wasiƙa daga Ikko. Na ce a cikinta na jera masa kurakuran littattafansa ba tare da kalmar yabo ko ɗaya ba, na kuma rufe da maganar da bai kamata ƙarami ya faɗa wa babba ba. Na ce tun daga lokacin bai sake fitar da littafi ba, kuma na yi imani ni ce sanadi, don haka na zo...

"Tsaya, Mama," in ji ta. "Guda nawa?"

"Na'am?"

"Kurakuran. Guda nawa kika lissafa?"

"Talatin da bakwai."

Ta rufe bakinta da gefen mayafi. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, a gidan makoki, hawaye yana zuba tare da ita. Ta zauna a bakin gadon daɓas.

"Sufeto! Wallahi ke ce Sufeto? La ilaha illallahu. Mama, ai mu duk gidan nan namiji muka ɗauka! Baba har kamanninki ya zana mana: siriri, mai gashin baki, da biro uku a aljihu."

Na ce biro biyu ne, kuma a jaka. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ta ƙara fashewa da dariya, ta jawo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce in saurara.

Ta ce mahaifinta bai taɓa rubuta littafi da hannunsa ba. Malamin gona ne, yana yawon ƙauyuka a kan babur, a can yake ƙulla labarin a kansa. Idan ya dawo bayan la'asar sai ya kishingiɗa a tsakar gida yana faɗa, mahaifiyarta tana rubutawa a littafin 'yan makaranta, suna yi suna gardama. Shi bai iya ba wa takarda labari ba, sai yana kallon fuskar mutum.

"Ranar da wasiƙarki ta iso," in ji ta, "Inna ce ta karanta masa. Tana zuwa kan maganar ƙofofi ta miƙe tsaye ta ce, 'Ban gaya maka bakwai ba ne? Shekara nawa ina gaya maka bakwai ne!' Wallahi Mama, kin raba musu gardamar da ta girme ni. Inna ta yi mako tana taƙama."

"Sakin layi na ƙarshe fa?" na tambaya. Ban so a yi mini sassauci ba.

Ta ce, "Wannan kam ya yi masa zafi, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu bai yi wa kowa hira ba. A rana ta uku ya fito ya ce, mutumin da ya zauna ya ƙirga mini ƙofofi ya fi ni daɗewa a birnin nan, ba maƙiyi ba ne, ɗan gari ne mai zafin kai. Ya ce Inna ta ɗauko biro."

Wata uku bayan haka, in ji ta, mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. An kawo masa masu rubutu, ita ma ta gwada, amma sai ya fara ya tsaya, ya ce ba mai yi masa gardama. Ana cikin haka kamfanin ya daina buga littattafan Hausa. Daga baya idanunsa suka tafi, ta ɗauko shi ta dawo da shi Karu.

"Abin da ya karya masa gwiwa ke nan, Mama. Inna ce. Ba ke ba ce."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar mutum ya shekara da shekaru yana tafe da tulu a ka, har ya manta akwai shi, sai wani ya zo ta baya ya sauke masa. Wuyana ma sai da ya yi sanyi. Na tambaye ta, to me ya sa babu littafi a ɗakin? Ta ce masu aro sun tafi da wasu, gara ta cinye sauran a tsohon gidansu. Abin da ya rage masa daga ƙasar da ya gina gaba ɗaya shi ne wasiƙata, domin ita ce kaɗai ta jera komai daki-daki, wane ne ya je ina, a wane shafi.

"Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya ce, 'Ɗauko mini ƙarar da Sufeto ya shigar.' In karanto tuhuma ɗaya, shi kuma ya kare kansa kamar yana gaban alƙali. Daga nan sai labari ya ɓalle. Har na haddace. Ta goma sha huɗu ita ce ta maharbi."

Gaskiya ne. Ta goma sha huɗu ce.

Ta durƙusa ta jawo wata ƙaramar adaka daga ƙarƙashin gadon. Ta fito da wasiƙata, ta yi laushi saboda ninkewa, an liƙe gefenta. Sa'an nan ta fito da wani ambulan da ba a buɗe ba, da adireshin tsohon ofishinmu na Ikko, gidan waya ya buga masa hatimi an dawo da shi. Ashe kamfanin ya yi watanni kafin ya miƙa masa wasiƙata, kafin amsarsa ta isa kuma mun riga mun taso Abuja.

"Ya hana kowa buɗewa. Ya ce amanar Sufeto ce. Kuma shi ne abu na ƙarshe da Inna ta rubuta masa da hannunta."

Na buɗe a hankali da gefen makullin gida, don kada in yage. Shafi ɗaya ne. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, irin wadda ni ban yi masa ba. Ya ce ya amsa laifi talatin, yana jayayya a kan biyar, ɗaya kuma yana da uzuri: ya kashe tsohuwa mai daddawa a littafi na biyu, sai matarsa ta daina sa masa daddawa a miya har sai da ya dawo da ita, kuma duk mai iyali zai fahimci matsayinsa. Game da ko ya cancanci buɗe ƙofa ta ƙarshe, ya ce bai cancanta ba, sai dai abin takaici shi kaɗai ne yake da mabuɗin. Ya rufe da roƙon cewa idan na shida ya kammala zai aiko mini kafin ya kai wa masu bugawa, in yi masa irin wannan wankin tun bai fita kunya ba.

Talatin da biyar da ɗaya, talatin da shida ke nan. Saura guda bai ambata ba. Na lura nan take. Na ninke takardar ban ce komai ba, kuma ina ganin wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga lissafi bai cika ba na yi shiru.

Duk da haka na ce mata abin da ya kawo ni ya kawo ni: ina neman yafiyarsu a kan kwana biyun nan da ya yi bai yi hira ba. Ta riƙe hannuwana biyu.

"Mama, babu abin yafewa. Amma tunda kin roƙa, mun yafe, duniya da lahira. Ke ma ki yafe masa ƙofofin."

Har na miƙe zan fita sai abin ya ci ƙarfina. Na ce, "'Yata, ya taɓa gaya miki abin da ke bayan ƙofar?"

Ta ce ya faɗa, sau uku. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu ya ce 'yar marini ta buɗe ta tarar da inuwarta, amma inuwar ta saba da can, ta ƙi biyo ta, suka gaisa suka rabu. Da yake ba jikokinsa labarin ya ce ƙofar ta buɗe ne cikin marinar mahaifinta, a yinin da ta faɗa ramin, ta fito yarinya kamar yadda ta shiga, inuwarta a gefenta, ana kiranta cin tuwo. A watansa na ƙarshe kuwa ya ce ba ta buɗe ba sam. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ta zauna, tana nuna wa masu neman tasu inuwar hanya.

Ni ce dai da halina. Na ce, "To wanne ne daidai?"

"Ni ma na tambaye shi," in ji ta tana murmushi. "Ya ce ya danganta da wanda yake zaune a gabansa."

Da muka shiga mota maigidana ya dubi fuskata, ya ja mu har muka hau babban titi. Sa'an nan ya ce, "An sallami wadda ake tuhuma ke nan?" Na ce an sallame ta, amma da gargaɗi. Ya ce gargaɗin ai ya daɗe yana bayarwa kyauta, ba a saya ba. Mako na zagayowa na koma Karu da littattafaina biyar na ba 'yarsa, domin bai dace a ce gidan da aka haife su babu ko ɗaya ba. Na nemi ta ba ni kwana biyu in goge zanen fensirin da na cika su da shi. Ta ce idan na goge ba za ta karɓa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na canja hali ba. Har yau idan aka aiko mini da katin biki sai na ga abin gyara, kuma jikokina sun san haka. Abin da na koya ƙarami ne, amma na biya shi da tsada: gyara ba ya isar da ƙauna sai an faɗe ta da baki, kuma takardar ban haƙuri mai aibi da ta isa hannun mai ita ta fi cikakkiya da ke kwance a aljihun tebur. Da na aika ko da mafi munin ukun nan, wataƙila da na zauna a gabansa wata Juma'a, ya dubi inda muryata take, ya ba ni nawa ƙarshen labarin.

Wannan kam ya wuce ni, kuma nakan ji ɗacinsa jefi-jefi. Amma abin da ya fi yawa a zuciyata sauƙi ne. Na shekara goma sha huɗu ina zaton na kashe wa mutum murya, ashe duk Juma'a ni ce nake tayar masa da hira. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan matar da ta riƙe masa biro. Idan akwai wanda rubutunsa ya taɓa raya ku kuma yana da rai, ku gaya masa yau, ko da rubutun naku ya karkace.